Cuta ɗaya ce mai fuska biyu: ALS da ciwon ƙwaƙwalwar gaba

Duk wanda ya taɓa jin labarin cutar ALS, wato cutar nan da ke kashe ƙwayoyin jijiyar motsi har mutum ya shanye gaba ɗaya, to kusan kullum Stephen Hawking ne ke faɗo masa a rai, mutum a kan keke baya iya ɗaga ko yatsa amma kansa na warware lissafin taurari. Daga nan ne maganar ta zauna a bakin mutane cewa ai cutar jiki kawai take ci, hankali kam lafiya lau. Gaskiya wannan magana rabinta ce kawai daidai, kuma shi Hawking ɗin ma ba ma'auni bane, an gano cutar a jikinsa a 1963 yana ɗan shekara 21 ya rayu har 2018, alhali yawancin masu ita shekara 2 zuwa 5 suke yi bayan alamun sun fara. Kusan rabin masu ALS ana samun wani canji a tunaninsu ko halayyarsu in aka gwada su da kyau, kuma wajen kashi 15 cikin 100 abun yana kaiwa matakin cikakken ciwon lalacewar ƙwaƙwalwar gaba da gefe, wanda likitoci ke taƙaitawa da FTD. Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne, cikin masu FTD akwai kusan irin wannan kason da daga baya jiki zai fara shanyewa.

Abun da ya fi ɗaukar hankalina kenan a wannan fanni, cututtuka biyu da aka yi shekara sama da 100 ana koyar da su a babi daban-daban, ɗaya a hannun masu jijiya da tsoka ɗaya kuma sau da yawa a hannun likitocin taɓin hankali, ashe a cikin ƙwayar halitta ɓarna iri ɗaya ce ke faruwa.

Ita ALS ɗin wani likitan jijiya, Jean-Martin Charcot, ne ya fayyace ta a Paris, ya fara bayani a kai a 1869 ya raɗa mata suna a 1874. Jijiyoyin motsi hawa biyu ne, na sama suna cikin ƙwaƙwalwa suna aika saƙo ƙasa zuwa laka, na ƙasa kuma suna cikin laka da gindin ƙwaƙwalwa, su ne ke kai saƙon har ga tsoka. In na sama suka mutu jiki sai ya sanƙare, gaɓoɓi su yi tauri. In na ƙasa ne sai tsoka ta rame ta dinga motsi da kanta a ƙarƙashin fata. ALS duka biyun take ci. Kuma farkonta ba wani abun tsoro bane, mutum ne kawai zai ga maɓallin riga ya fara gagararsa, ko murɗa makulli, in ka kalli hannun sai ka ga naman nan da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya lotsa ya yi rami amma gefen ƙaramin yatsa yana nan da ɗan ƙwarinsa. Wani ƙafa ce za ta fara ja yana tuntuɓe a inda ba komai, wani kuma magana ce za ta fara nauyi, ruwa ya dinga shaƙe shi, in ya buɗe baki ka ga harshen yana ɓari. Daga inda ta fara sai ta yi ta yaɗuwa zuwa maƙwabta har ta kai tsokar numfashi. Amma gani da ji da jin taɓi suna nan, kuma tsokokin da ke juya ido kusan su ne na ƙarshe, shi yasa ake iya ba masu ita kwamfutar da suke rubutu da ido.

FTD kuma daban take shigowa, tun 1892 wani likita, Arnold Pick, ya bayyana irinta a birnin Prag. Ba mantuwa ce kan gaba ba irin ta cutar Alzheimer, mutum zai iya tuna ranar da aka yi kaza tsaf, hali ne ke canzawa. Mai kunya ya koma faɗin duk abun da ya zo bakinsa, mai tausayi a gaya masa an yi rasuwa ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da abun da yake yi, wani ya kama cin kayan zaƙi ba ƙaƙƙautawa, wani ya dinga maimaita abu ɗaya kullum a lokaci ɗaya, wani kuma kalmomi ne ke zubewa daga kansa. Kuma tana kama mutane da wuri, tsakanin shekara 45 zuwa 65 galibi. Mafi ciwo a ciki shi ne mai ita bai san ya canza ba, sabida ɓangaren da zai gaya masa ɗin shi ne ya lalace. Toh ku haɗa wannan da jikin da ke shanyewa, matar da ke jinya dare da rana tana ganin mijin ko sannu baya ce mata, ya ƙi na'urar numfashi ya ƙi magani, sai ta ɗauka taurin kai ne ko butulci. A ganina rashin gaya wa iyalai wannan tun farko zalunci ne, komai kyawun niyyar da ta sa aka ɓoye.

Wajen kashi 10 cikin 100 na masu ALS ne ake samun wani a danginsu ya taɓa yi, sauran haka kawai take faɗo musu. Amma waɗannan ƴan kaɗan ɗin su ne suka buɗe ƙofa. A 1993 aka gano ƙwayar gado ta farko, SOD1, a kan kuromosom na 21, wato ɗaya daga cikin ƙunsoshin da ƙwayoyin gado ke jere a kansu. Aikin furotin ɗin da take haɗawa shi ne kawar da wani guba da ke fitowa in ƙwaya tana ƙona iskar oksijin, don haka kowa ya ce shikenan an gane, mai kawar da guba ya lalace guba ya taru jijiya ta mutu. Sai ɓeraye suka ƙaryata. Ɓeran da aka cire masa SOD1 gaba ɗaya bai kamu da ALS ba, amma wanda aka ƙara masa lalatacciyar SOD1 ta ɗan adam a kan tasa mai lafiya, shi ne ya shanye. Kenan ba rashin aikin furotin ɗin bane matsalar, shi kansa ne in ya naɗe ba daidai ba yake zama dafi. Kuma kurakuran da ke cikin wannan ƙwaya guda ɗaya sun haura 150, halinsu ba ɗaya ba, akwai A4V da ta fi yawa a Arewacin Amurka mai kashewa cikin kusan shekara ɗaya, akwai D90A ta yankin Suwidin da Finlan wadda mutum zai iya wuce shekara 10 da ita.

Daga 1994 da aka samu ɓeran SOD1, kusan duk maganin da za a gwada a kansa ake fara gwadawa, magunguna barkatai sun ƙara wa ɓera kwana suka zo kan mutane suka faɗi warwas. Dalilai da yawa ne, amma babba a ciki sai a 2006 ya fito fili.

A shekarar ne ƙungiyar Virginia Lee da John Trojanowski a jami'ar Pennsylvania, tare da Manuela Neumann, da kuma wata ƙungiya a Japan, suka gano sunan furotin ɗin da ke dunƙulewa a cikin jijiyoyin waɗanda suka rasu da ALS. Dama an daɗe ana ganin dunƙulen a madubin likita ba a san ko menene ba. Sunansa TDP-43, kuma abun dariya tun 1995 aka san shi, masu binciken ƙwayar cutar HIV ne suka fara cin karo da shi ba wanda ya kawo jijiya a ransa. Ana samun wannan dunƙule a wajen kashi 97 cikin 100 na masu ALS, na gado da wanda ba na gado ba, da kuma kusan rabin masu FTD. Su waye ba su da shi? Masu SOD1, da masu wata ƙwayar da ake kira FUS. Wato an yi shekara goma sha biyu ana gwada magani a kan nau'in da ya fita daban da na kowa.

In aka rina yankan laka da launin da ke kama TDP-43 aka duba, abun a bayyane yake. A lafiyayyar ƙwayar jijiya launin yana taruwa a cibiyar ƙwayar, inda DNA, wato kundin umarnin gado, yake, cibiyar ta yi duhu sauran jikin ya yi fayau. A marar lafiya sai ka ga akasin haka, cibiya fara fat ba komai, launin ya fito waje ya taru guntu-guntu. Ɓarna biyu kenan a lokaci guda, ga tarin furotin a inda bai kamata ba, ga kuma wurin aikinsa ya zama ba kowa. Shekaru aka yi ana musu wanne ya fi kisa, ni dai hujjojin da suka fito daga baya sun fi karkatar da ni ga na biyun.

Ga yadda abun yake. Kafin ƙwaya ta haɗa furotin sai ta kwafi umarnin daga DNA zuwa RNA, kuma kwafin farko cike yake da dogayen sassa marasa amfani da dole a yanke a zubar, a haɗe masu amfanin. Kaman tela ne da aka ba shi yadi mai tabo a wasu wurare, ya yanke tabon ya ɗinke sauran. Toh a cikin sassan zubarwa akwai wasu guntaye masu kama da na gaske sosai, har na'urar yankan tana iya ruɗewa ta ɗinke su ciki. Aikin TDP-43 shi ne ya zauna a kan waɗannan guntaye ya rufe su kar a gani. A 2015 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins suka nuna haka. Da zarar ya bar cibiya sai ɓoyayyun guntayen nan su fara shiga cikin saƙo, saƙon ya lalace, furotin ɗin da ya kamata a samu ya ɓace.

A 2019 aka kama ɗaya daga cikin waɗanda abun ya fi shafa, STMN2, furotin ɗin da jijiya ke buƙata don ta kula da doguwar wayarta ta kuma gyara ta in ta samu rauni. A 2022 aka kama na biyu, UNC13A, mai taimakawa wajen sakin sinadarin saƙo a bakin jijiya. Labarin UNC13A ɗin nan yana burge ni wallahi, sabida tun shekaru kafin nan an san cewa masu wani ɗan bambancin harafin DNA a ƙwayar gadon UNC13A sun fi haɗarin ALS da FTD kuma cutar ta fi saurin cin su, amma harafin yana cikin sashen da ake zubarwa, ba wanda ya gane me ya haɗa shi da cuta. Ashe a daidai wurin ɓoyayyen guntun yake, muddin TDP-43 na bakin aiki ba ruwan kowa da shi, ranar da ya fara janyewa kuma mai wannan harafin guntunsa ya fi saurin kutsawa. Sannan wani abu, ɓoyayyen guntun STMN2 ɗin nan babu shi a ɓera, na mutum ne, kun ga wani dalilin da yasa ɓera bai nuna mana hanya ba.

Amma abun da ya rufe bakin masu cewa ALS da FTD haɗuwar tsautsayi ce kawai shi ne wata ƙwayar gado mai suna C9orf72, C9 a taƙaice. Tun wajen 2006 an san akwai wani abu a kuromosom na 9, sabida akwai dangogin da za ka ga uba ya rasu da shanyewar jiki, ƙanwarsa da ciwon ƙwaƙwalwa, ɗansa kuma duka biyun, kuma duk alamar gado tana nuna wuri ɗaya. An bi ƙwayoyin gadon wurin ɗaya bayan ɗaya ba a ga komai ba har shekara 5. Sai a 2011 ƙungiyar Rosa Rademakers ta asibitin Mayo Clinic a Amurka da ta Bryan Traynor ta cibiyar binciken lafiya ta Amurka suka fitar da amsa a lokaci guda. Haruffa shida ne, GGGGCC, suke maimaituwa. A yawancin mutane ba su wuce sau 2 zuwa 20 da wani abu ba, a masu cutar kuma ɗaruruwa ne har dubbai. Ya ɓuya ne sabida yana cikin sashen da ba a haɗa furotin da shi, kuma jerin G da C zalla yana maƙalewa na'urorin karatun DNA na lokacin su kasa wucewa, sai su karanta kwafin lafiya da mutum ya gada daga ɗaya iyayen su ce komai daidai.

A cikin Turawa wannan maimaici shi ke da wajen kashi 40 cikin 100 na ALS ta gado da kusan kashi 25 na FTD ta gado, harma da kashi 5 zuwa 7 na waɗanda ba su san kowa da cutar a danginsu ba. Finlan ce kan gaba. A Sin da Japan kuwa kaɗan ne sosai, can SOD1 ce ta fi yawa a na gado, don haka duk wanda ya kawo muku waɗannan alƙaluma ku tambaye shi na su waye. Duk ɗan da mai ɗauke da ita ya haifa yana da rabi da rabi na gada, amma gadon baya gaya maka fuskar da za ta fito, ko shekarar, wani a 40 wani sai ya haura 70, wani ma har ya tsufa ya mutu da wani abun daban. Kuma masu C9 sun fi sauran samun ruɗani irin na taɓin hankali, zargi da ganin abun da babu, har a yi shekaru ana musu maganin wata cuta daban.

Ta ina haruffa shida ke kisa? Hanyoyi uku ake magana a kai kuma ba dole ɗaya ta kore ɗaya ba. Na farko maimaicin yana rage yawan furotin ɗin C9orf72 kansa, wanda ke da hannu wajen narkar da tarkacen cikin ƙwaya da kuma aikin garkuwar jiki, sai dai ɓerayen da aka cire musu shi saifa da kaluluwa ne suka kumbura, jijiyar motsi bata mutu ba, kenan shi kaɗai bai isa ba. Sai kuma RNA ɗin da aka kwafo daga dogon maimaicin, yana cukuikuyewa a cikin cibiya ya riƙe wasu furotin masu aiki ya hana su zuwa inda ake buƙatarsu. Na ukun shi ne wanda ya karya dokar da ke cikin littattafai. An koya mana cewa ba a fara haɗa furotin sai an ga alamar farawa, haruffan AUG, toh a 2011 ɗin dai Laura Ranum da abokan aikinta suka nuna a wata cutar daban cewa dogon maimaici yana iya sa na'urar ta kama aiki ba tare da alamar ba, kuma a 2013 aka tabbatar haka na faruwa a C9. Ana karanta maimaicin ta gaba da ta baya, sai a samu wasu baƙin furotin guda biyar da jiki bai san su ba, GA da GP da GR da PA da PR, kowanne biyu ne kawai cikin tubalan da ake gina furotin da su ke ta maimaituwa. GR da PR su ne mugayen, suna manne wa kusan komai, kuma cikin abun da suke dagulawa har da zirga-zirga ta ƙofofin cibiya. Nan ne zaren ya dawo kan TDP-43, don shi ma ta waɗannan ƙofofi yake komawa ciki, kuma masu C9 in aka duba ƙwaƙwalwarsu TDP-43 ɗin ne a waje, kuma inda ya dunƙule nan ne ƙwayoyi suka fi mutuwa, ba inda baƙin furotin suka fi yawa ba.

Sauran ƙwayoyin gadon ba zan tsaya kansu ba, sun kai gommai, amma in ka jera su sai ka ga gida biyu zuwa uku suke faɗawa. TARDBP mai haɗa TDP-43 ɗin kansa da FUS na harkar RNA ne, VCP da OPTN da TBK1 da UBQLN2 da SQSTM1 na kwashe lalatattun furotin ne, KIF5A na jigilar kaya a cikin wayar jijiya. NEK1 kuma a 2016 aka tabbatar da ita da taimakon kuɗin nan da aka tara a 2014 lokacin da duniya ke ta sheƙa wa kanta ruwan ƙanƙara a Facebook, duk da dariyar da aka yi wa abun.

Tambayar da ke hana ni sakat ita ce, waɗannan ƙwayoyin gado suna cikin kowace ƙwaya ta jiki tun daga haihuwa, hanta na da su fata na da su, me yasa sai jijiyar motsi, kuma galibi sai bayan shekara 50? Wani ɓangare na amsar girma ne, ƙwaya ɗaya da jikinta ke cikin laka wayarta na iya kai mita ɗaya har tafin ƙafa, duk abun da ƙarshen ke buƙata sai an yi jigilarsa, kuma bata rabuwa balle a sake sabuwa, wadda aka haife ka da ita da ita za ka mutu. Sannan ba ita kaɗai ke da laifi ba, ƙwayoyin da ke kewaye da ita masu kwashe sinadarin gulutamet bayan an aika saƙo suna yin sakaci, sinadarin ya taru ya yi ta zaburar da jijiya har ta gaji, kuma gwajin ɓeraye ya nuna lafiyayyar jijiya a tsakiyar maƙwabta masu lalatacciyar SOD1 ita ma tana cutuwa. Game da shekaru kuma, Ammar Al-Chalabi da abokansa sun yi wani lissafi a 2014 daga rajistar marasa lafiya, ya nuna kaman matakai shida ake bi kafin cutar ta tashi, da aka sake lissafin a kan masu gado sai aka ga mai C9 saura uku gare shi, mai SOD1 saura biyu.

Magani fa? Riluzole da aka amince da shi a 1995 yana rage tasirin gulutamet, ƴan watanni yake ƙarawa. Sai tofersen da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Afrilun 2023, Turai ta biyo baya a 2024, guntun jerin haruffa ne da aka ƙera ya manne wa RNA ɗin SOD1 a lalata shi kafin a haɗa dafin, ana yin allurarsa cikin ruwan laka wata-wata. Babban gwajinsa na sati 28 bai cimma abun da aka sa a gaba ba, amma wani furotin da ke zubowa cikin jini in jijiya na mutuwa, niyurofilamen, ya sauka da sama da rabi, kuma da aka ci gaba da bibiya waɗanda suka fara da wuri sun fi waɗanda aka jinkirta wa. Sai dai masu SOD1 wajen kashi 2 cikin 100 ne kacal na duk masu ALS, kuma su ne dai waɗanda ba su da matsalar TDP-43.

An gwada irin wannan dabara a kan C9 kowa na zumuɗi, kamfanoni biyu, ɗaya ya dakatar a 2022 ɗaya a 2023. Maganin ya yi abun da aka aike shi, baƙin furotin ɗin sun ragu a ruwan laka, amma marasa lafiya ba su samu sauƙi ba. Masu bincike na zargin cewa magungunan ɓangare ɗaya na maimaicin kawai suka kama, wanda ake karantawa ta gaba, suka bar na baya inda PR ke fitowa, wasu kuma na ganin lokacin da aka fara allurar TDP-43 ya riga ya bar cibiya, ɓarnar ta kama tafiya da ƙafarta ko an kashe tushen. In maganar ta biyu ce gaskiya toh dole a koma kan TDP-43 ɗin, kuma an fara, akwai allurar da aka ƙera don ta je ta zauna a kan ɓoyayyen guntun STMN2 a madadinsa, ta riga ta shiga gwaji a jikin mutane, kuma irin wannan in ta yi aiki ba sai mai gado ba. A ɓangaren SOD1 kuma akwai gwajin ATLAS, inda ake bibiyar masu ɗauke da mugayen nau'ikan tun suna garau, ana auna niyurofilamen a jininsu akai-akai, da zarar ya fara hawa sai a shigar da su matakin allura tun kafin ko yatsa ɗaya ya raunana.